Kwaroron Foula: robar na da kyau, tramol ne ke cin amanarta

Foula, kwaroron roban da ƙungiyar ANIMAS-SUTURA ke rarrabawa, ba ya wuyar samu a Damagaram: farmasi, butiki, har wurin masu tebur. Kaya ne mai kyau. Yana zuwa da santsinsa, da 'yar jaka a baki mai tara maniyyi, kuma in an sa shi daidai yana tare ƙwayar sida da ciwon sanyi. Kukan da ake ji a fada, wai yana fashewa, galibi ba laifin robar ba ne.

Samari da yawa na haɗiyar tramol, ƙwayar rage ciwo mai sa maye, don su jima wajen saduwa, wasu ma mai lamba 225. Gaskiya yana jinkirta zuwan maniyyi, amma ga abin da ke biyo baya: gogayya ta yi tsawo, santsin ya bushe, robar ta ɗau zafi ta yage. Fatar gaban mace ko namiji ta samu ƙananan tsagewa da ido ba ya gani, ta nan ƙwayar ke shiga. Mai maye kuma ba ya jin lokacin da ta fashe. Don haka in an kai minti 30, a cire a sa sabo, a ƙara man santsi mai ruwa na farmasi. Ban da bazilin, man kaɗe ko man gyaɗa, mai na cinye roba cikin mintuna kaɗan. Kada a haɗa kwaroro biyu, junansu suke yagawa. Tramol da giya kuwa kan danne numfashi har rai ya fita.

Raunin Foula ɗaya ne da na kowace roba: zafi. A watan Afrilu da Mayu, da rana ke wuce digiri 40, wanda ya wuni kan tebur ko ƙarƙashin kujerar kabu-kabu na iya lalacewa. Duba ranar ƙarewarsa, matsa ledar ka ji iska a ciki, buɗe da yatsa ba da haƙori ba, matse bakin kafin ka warware shi.

In ya fashe, kada kunya ta zaunar da ku. Ku tafi likita kafin awa 72, gwamma a ranar, a ba ku maganin kariya daga sida na kwana 28. Bayan wata 3 ku koma gwajin jini, ku biyun.