Sharhi kan gyaran zafin inji da aka yi min a Ƙofar Ruwa

Duk wanda motarsa ke ɗaukar zafi a gosulo, ya nemi bakanike mai yin tambaya kafin ya ɗauki sifana. Irinsa na samu a wani gareji da ke wajajen Ƙofar Ruwa a Kano, kuma na gamsu da aikinsa.

Corolla ce gare ni. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, allurar da ke nuna zafin inji ta fara hawa duk sanda na maƙale a cunkoson Bata ko Kantin Kwari, amma da na hau titin Zariya ina gudu sai ta koma tsakiya. Bakaniken yana jin haka ya ce fanka za mu fara dubawa, domin in mota na gudu iska ce ke sanyaya lagireto, in ta tsaya kuwa fanka kaɗai ke wannan aikin. Ya tayar da inji, ya kunna esi, fanka ko motsi. Fiyus lafiya lau, ashe rile ne ya ƙone, wato makunnin da ke kai wa fanka wuta.

Bai tsaya nan ba. Ya nuna min robar murfin lagireto da ta tsattsage, ya ce murfin ne ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100. Ya zaro sandar bakin mai ya ga bai yi fari kamar madara ba, ruwan ma babu kumfa, wato gaskit, shimfiɗar da ke liƙe kan inji da gangar jikinsa, bai ƙone ba. Nan hankalina ya kwanta, don nan ne kuɗi ke tafiya.

Abin da ya fi burge ni, bai cire tamostat ba. Garejoji da yawa shi suke fara jefarwa, alhali shi ke tsayar da zafin inji daidai. Ya wanke lagireto, tsatsar ruwan rijiya ta fita jawur, ya zuba ruwan sanyaya inji na kanti.

Ya kuma ja min kunne: in allura ta hau, in kashe esi, in gangara gefe in kashe mota, kada in kuskura in taɓa murfin sai inji ya huce.

Ƙorafina biyu ne. Babu inuwar da mai jira zai zauna, sannan yaransa sun ɓata min kujera da bakin mai. Amma tun daga ranar allura ba ta ƙara wuce tsakiya ba, ko a gosulon azahar.