Kafin ka biya kowa ya duba maka fot ɗin saba

Jama'a abin nan ya daɗe yana ci min rai. Bara wani yaro mai kiran kansa masanin tsaron intanet ya same ni a shagona nan Ƙofar Ƙaura, ya buɗe laftof ya nuna min fot ɗin sabar da shafinmu yake kai (saba ita ce kwamfutar da ke ɗauke da shafi, fot kuma ƙofofinta ne masu lamba da saƙo ke shiga ta ciki), kusan duka an rubuta filtered, ya ce Alhaji ai ɓarayi sun gama shigar ka. Na ƙirga kuɗi na ba shi ya gyara, ashe babu abin da ya lalace.

Duba fot kamar sallama ce a ƙofar gida. Open an amsa maka, closed an leƙo an ce babu mai wannan aikin a nan, filtered kuma ka yi ta sallama shiru, fayawol, wato mai gadin saba, ya haɗiye saƙon tun a zaure, manhajar da ke dubawa ba ta san ko da mutum a ciki ba. In fot 80 da 443 da ake shiga shafi ta cikinsu suna buɗe amma 3306 na MySQL, wato rumbun bayanai, yana filtered, ai haka ake so.

Ni dai a manhajojin duba fot, Nmap nake ba kowa shawara. Kyauta ce, Gordon Lyon ya fitar da ita tun 1997, kuma ba ta ɓoye maka komai, ka ƙara --reason za ta faɗa maka ko shiru aka yi mata ko wata na'ura ce a hanya ta maido da saƙon ICMP, wato sanarwar cewa ba a kai ga wurin ba. Ka dai sani fot 1000 kawai take dubawa cikin 65535 sai in ka sa -p-. Kuma ka gwada ta layi biyu, don wani lokacin kamfanin da kake sayen data ne ya toshe, musamman fot 25 na tura imel, ba sabarka ba. In baƙin allon nan na rubuta umarni yana ba ka tsoro akwai Zenmap, wato Nmap ɗin da ake latsawa da linzami.

A sauran manhajojin duba fot, Masscan gudu ne kawai, ba ta mai saba ɗaya ba ce. Angry IP Scanner ta fi dacewa da kwamfutocin cikin ofis.

Waɗanda za ka guda su ne shafukan da ke cika maka allo da jan rubutu sannan su ce biya dala ka ga sauran, da masu tura fayil a WhatsApp wai Nmap Pro da aka fasa. Me za a fasa a abin da yake kyauta? Don Allah daga nmap.org kaɗai za ka sauke. Duk wanda ya ce zai buɗe maka filtered gaba ɗaya kar ka ba shi fasuwod, kuma kar ka duba sabar wani ba izininsa, akwai dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015.