Fitilar UV ta gyaran waya, wacce za ka saya?

Yaran da ke koyon gyara wajena nan Gusau kullum tambayar ke nan, to ga abin da na sani. Fitilar UV ita ce mai fitar da hasken da ke daskarar da gulun liƙa gilashin sikirin. Kafin ka ba da kuɗinka fara duba robar gulun da kake aiki da shi, galibi akwai lamba a jiki, 365 ko 395 ko 405, irin hasken da ke daskarar da shi ke nan. Gulun UV ba kamar gulun B-7000 ba ne da sai ka ɗaure waya da roba ka jira kwana guda, shi haske kawai yake jira.

Ƙaramar tocila mai kebul ita ta fi araha kuma fawa bank ma na ɗaukarta, ko ba wuta aiki bai tsayawa. In jampa ka ja a bod, wato siririn zaren tagulla da ke haɗa layin da ya yanke a allon cikin waya, kana son busar da koren man nan da ake shafawa a rufe ta, ta wadatar. Amma kar ka kai ta kan sikirin don Allah, haskenta tsukakke ne, nan ya daskare can yana ɗanye, sai ka wayi gari da kumfa a tsakiya mai waya na ƙofar shago yana jira.

Ni wadda na fi so ita ce fitilar busar da farce ta mata, eh ita dai. Da yawansu suna haɗa 365 da 405 wuri ɗaya, haske ya rufe gilas duka lokaci guda, ga maɓallin daƙiƙa 30 da 60. Sai dai ka gwada wayar ta shige ciki tukuna, wasu bakinsu ƙarami ne.

Babban akwati mai dogon kwan fitila kam sai mai aikin sikirin da yawa, yana zafi, kuma kwan na rage ƙarfi alhali yana nan yana ci.

Kar hasken shuɗi mai ƙyalli ya ruɗe ka, ta 365 ta gaske a ido dishi-dishi take. Tafi da gulunka, ɗiga kan fasasshen gilas, haska a gaban mai kaya. Ka kuma haɗa da tabarau mai tare UV, hasken na cutar da ido sosai. Robar gulu ka ajiye ta cikin durowa a rufe, ranar garin nan in ta same ta a bakin teburi a ciki zai daskare.