Wane littafi ya kamata a fara saya kan saukar sojojin ƙawance a Normandi?

A ranar 6 ga Yuni, 1944, ranar da ake kira D-Day a Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin ƙawance kimanin 156,000 masu yaƙi da Jamus, galibinsu na Amurka da Birtaniya da Kanada, suka sauka a gaɓar Normandi da ke arewacin Faransa, mafi yawansu daga jiragen ruwa, wasu kuma ta laima daga sama. Littattafan da aka rubuta kan wannan hari sun yi yawan da mai saye zai iya ruɗewa, don haka kafin ya fitar da kuɗinsa ya dace ya yanke shawara kan abu guda: labarin ranar kaɗai yake nema, ko kuwa dukan gwabzawar da ta ci gaba har aka ƙwato birnin Paris a ranar 25 ga Agusta?

Wanda ranar kaɗai ta dame shi, zaɓinsa yana tsakanin littattafai biyu. Na farko shi ne The Longest Day na Cornelius Ryan, ɗan jaridar da aka haifa a Ireland, wanda ya fito a 1959. Ryan ya tattara bayanai daga bakin sojojin Amurka da Birtaniya da Kanada da Jamus da kuma farar hular Faransa tun abin yana sabo a zukatansu, ya kasa littafin gida uku, wato zaman jira, da dare, da yinin kansa. Gajere ne, yana da daɗin karatu, amma an rubuta shi kafin Birtaniya ta bayyana a shekarun 1970 cewa ta daɗe tana warware saƙonnin sirri na Jamus, saboda haka wannan babi babu shi a ciki. Na biyu shi ne D-Day na Stephen Ambrose, na 1994, wanda ya dogara da hirarrakin tsofaffin sojoji da aka adana a Cibiyar Eisenhower ta New Orleans. Bayaninsa kan ɓarnar da aka yi wa Amurkawa a gaɓar Omaha yana da ƙarfi ƙwarai, sai dai ya karkata ga Amurka sosai, har mai karatu zai iya mancewa cewa uku daga cikin gaɓoɓi biyar da aka sauka a ranar, wato Gold da Juno da Sword, sojojin Birtaniya da Kanada ne suka sauka a kansu. Tsakanin biyun ni Ryan zan ɗauka.

Idan kuwa littafi ɗaya tak mutum zai iya saya, shawarata ita ce D-Day: The Battle for Normandy na Antony Beevor, na 2009. Ya bi yaƙin daga bakin teku har zuwa Paris, kuma ya ba farar hula muhimmancin da magabatansa suka tauye musu: yadda jiragen ƙawance suka ragargaza birnin Caen da bama-bamai, da yadda Faransawa kusan 20,000 suka rasa rayukansu a yankin da aka zo ƙwatowa domin su. Akwai fassararsa da ta littafin Ryan a harshen Faransanci, abin da zai sauƙaƙa wa masu karatu a Nijar da Kamaru da Chadi.

Akwai kuma littattafai biyu da ba a cika cin moriyar ɗaya sai an haɗa shi da ɗan'uwansa. Max Hastings, a cikin Overlord na 1984, ya tafi a kan cewa sojan Jamus ya fi na ƙawance ƙwarewa a fagen daga, kuma yawan makamai da jirage ne suka rinjaye shi. James Holland, a cikin Normandy '44 na 2019, ya ƙalubalanci wannan ra'ayi, yana nuna cewa iya safarar abinci da mai da harsasai ta teku, da jinyar waɗanda suka ji rauni, da kafa tashar jiragen ruwa ta wucin gadi a Arromanches, su ma ƙwarewar yaƙi ce. Hastings ya fi kaifin alƙalami, Holland ya fi kauri da yawan bayanin kayan aiki, kuma wanda bai saba da sunayen runduna ba zai sha wuya a duka biyun idan da su ya fara.

Abin mamaki, yawancin waɗannan marubuta ba su daɗe a kan ruwa ba, alhali jiragen ruwa kusan 7,000 ne suka yi aikin a ƙarƙashin Admiral Bertram Ramsay. Neptune na Craig Symonds, na 2014, shi ya cike wannan giɓi. Mai sha'awar leƙen asiri kuma sai ya nemi Double Cross na Ben Macintyre, na 2012, kan 'yan leƙen da suka sa Jamus ta ci gaba da jiran hari a Pas-de-Calais, wani yanki daban na gaɓar arewacin Faransa.

Game da littattafan da ke ba da labarin daga ɓangaren Jamus, a yi hattara da na Paul Carell, domin sunansa na gaskiya Paul Karl Schmidt, kuma shi ne kakakin ma'aikatar harkokin wajen gwamnatin Hitler a lokacin yaƙin. Sannan kowane littafi aka zaɓa, a duba taswirorinsa kafin a biya, domin a ƙananan bugu masu araha da kuma a allon waya sukan ƙanƙance har sunayen ƙauyuka su ƙi karantuwa, kuma yaƙin Normandi ƙauye-ƙauye aka yi shi.