Takin yuriya: buhu mai ƙarfi, amma yana ƙone shukar da aka tula mata shi

A cikin takin zamani da ake sayarwa a kasuwanninmu, babu wanda ya kai yuriya sinadarin naitirojin. Kashi 46 cikin 100 ne, wato buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23, alhali kamfa 15-15-15 kilo 7.5 kawai gare shi. Ana yin sa a gida Najeriya ma: kamfanin Indorama a Eleme, jihar Ribas, da na Dangote a Lekki, jihar Legas. Masara da shinkafa na amsa shi da wuri, cikin 'yan kwanaki ganye ya yi kore shar.

Aibinsa shi ne ƙuna, kuma ƙunar ba ta zafi ba ce. Kowace ƙwayar halittar saiwa tana da siririn tantani da ruwa ke ratsawa, kuma ruwa kullum yana bin ɓangaren da ya fi narkakken sinadari. Wannan ne malaman kimiyya ke kira osmosis. A ƙasa mai danshi ruwan cikin saiwa ya fi na waje kauri, sai ruwa ya shiga, ƙwayoyin su cika tam, ganye ya miƙe. In aka tula taki a gindin shuka, lissafin ya juye: ƙasa ce ke zuƙe ruwan saiwa, abin cikin ƙwayar ya tsuke ya rabu da bangonta, shuka ta yi yaushi ko da an yi ruwa jiya, bakin ganye ya bushe. Barbaɗa gishiri a yankakkiyar albasa ka ga yadda take tsattsafo da ruwa, to haka abin yake.

Ga masara, a sa shi mako 4 zuwa 6 bayan shuka, ƙasa na da laima. A tona rami santimita 5 zuwa 8 daga gindi, a zuba, a rufe. In an bar shi a fili, yana zama iskar amoniya ya tashi, kuɗi sun bi iska. Buhu 2 a hekta, a tazarar santimita 75 tsakanin layuka da 25 tsakanin shuka da shuka, kusan giram 2 ke nan kowace shuka, abin da bai cika murfin kwalbar lemo ba. Kada ya faɗa cikin kunnen ganye. Masu fesa shi a ganye kada su wuce giram 20 a lita ɗaya ta ruwa, kuma su yi da yamma.

Wajen saye, a matsa buhun. Wanda ya dunƙule kamar dutse ya sha danshi a ajiya, domin yuriya na jan laima daga iska. A ɗora shi kan katako, a ɗaure bakin ledar ciki.