Wace manhaja ce ta fi dacewa a ciro lambar launi daga hoto a waya?

Duk mai haɗa fasta, katin biki ko tambarin shago a waya ya san ido ba ma'auni ba ne. Shuɗin da ka zaɓa da ido zai yi kama da na mai aikin, sai an jera su gefe da gefe bambancin ya fito. Maganin abin shi ne lambar launi, wadda aka fi sani da HEX: alamar # da baƙaƙe shida, gaurayen lambobi da haruffan A zuwa F. Biyun farko na ja ne, na tsakiya na kore, na ƙarshe na shuɗi, kowanne daga 00 zuwa FF, wato daga 0 zuwa 255, abin da ya ba da launuka 16,777,216. Fari shi ne #FFFFFF, baƙi #000000, koren WhatsApp kuwa #25D366.

Ga mai Android, Pixolor ce kan gaba, kuma da tazara. Idan ka kunna ta, wani ɗan da'ira zai fito yana yawo a saman duk abin da ke sikirin, ko hoto ne a galari, ko shafin intanet, ko bidiyon da ka tsayar. Cikin da'irar tana ƙara girman wurin har ka ga ɗigon hoton ɗaya bayan ɗaya, lambar wanda ke tsakiya tana rubuce, ka kwafe ta ka liƙa a PixelLab ko Canva. Wannan ƙara girman shi ne dalilin fifita ta. Gefen rubutu ko tambari galibi gauraye yake da launin bayansa, don haka wanda ya dangwala yatsa a makance yakan ɗauko jan da ya sha fari, ya ɗauka shi ne ainihin jan. A Pixolor kana ganin inda gaurayen ya ƙare, ka matsa tsakiyar launin. Za ta nemi izini biyu, na bayyana a saman sauran manhajoji da na ɗaukar hoton sikirin, kuma ba ta aiki sai da su. Saboda haka ka rufe ta kafin ka buɗe manhajar banki.

Mai iPhone ba ya buƙatar sauke komai. Tun daga iOS 14, ka buɗe hoto, ka shiga Markup, wato wurin yin zane a kan hoto, ka taɓa da'irar launuka, ka ɗauki alamar bututun ɗiga magani, ka ɗora a wurin, sai ka duba lambar a sashen Sliders. Amma ka kula da abin da aka rubuta kusa da ita: in ka ga Display P3, taɓa shi ka mayar sRGB, tsarin launin da yawancin manhajoji ke aiki da shi, domin lambar P3 idan aka kai ta wata manhajar launin yakan fito a dushe.

Color Grab tana da amfani idan kana son RGB (ma'aunin ja, kore da shuɗi), CMYK (ma'aunin tawadar firinta) da sunan launi a wuri guda. Coolors da Adobe Color na masu neman jerin launukan da suka dace da juna ne, ba na mai neman ɗigo ɗaya ba. Canva tana fito da launukan hoton da ka ɗora da kanta, sai dai ita ke zaɓa, ba kai ba. Shafukan intanet da ake loda hoto suna cin data, ga talla.

Inda ake yawan faɗawa rami shi ne hoton kansa. Manhaja abin da ke cikin hoto take karantawa, ba abin da ke gaban kyamara ba. Shadda guda a hasken rana, a ƙarƙashin farin kwan lantarki, da a ɗaki mai labule za ta ba ka lambobi uku, kuma kyamarar waya tana ƙara wa launi armashi da kanta. In dole ne sai ka ɗauki launin yadin anko ko fentin bango, ka ɗauki hoton a inuwa da rana, ba filasha, ka ajiye farar takarda a gefe. Karanta takardar tukuna. In ta karkata zuwa rawaya ko shuɗi, to yadin ma ya karkata haka. Ka ɗauki wurare uku ko huɗu, ka zaɓi na tsaka-tsaki. Tambari kuwa, ka ce a turo maka asalin fayil ɗin PNG a matsayin dokumen, don WhatsApp yana matse hoto, launi ɗaya ya dagule ya zama goma.

Sai 'yan damfara, waɗanda suka cika wannan fanni. Akwai manhajojin da ke cewa gwaji kyauta na kwana 3, daga nan su riƙa cirar kuɗi duk mako a katinka, a kan aikin da ake yi kyauta. Duk wadda ta nemi kati kafin ta nuna maka lamba ko ɗaya, goge ta. Wadda ta nemi lambobin wayarka, saƙonninka ko wurin da kake ita ma haka, me ya haɗa launi da su? Fayilolin APK, wato na saka manhaja a Android, da ake yaɗawa a guruf da sunan an buɗe duk abin da ake biya kyauta, sun fi haɗari, domin manhajar da ka ba izinin ganin sikirin tana ganin duk abin da ka rubuta. Ka sauke daga Play Store kawai, ka duba sunan wanda ya yi ta, don akwai masu kwaikwayon suna da tambari. Masu alkawarin ba ka ainihin lambar Pantone, wato kundin launukan da masu bugawa ke aiki da shi, daga kyamara ma cika baki ne. Kintace kawai suke yi. Mai wannan buƙatar sai ya nemi na'urar awo irin su Nix ko littafin Pantone.

Gwajin manhaja ba wuya: zana murabba'i a Canva da #008751, adana shi a PNG, ka karanta. In ta kauce da fiye da ɗan kaɗan, ba ta da amfani. Kuma in aikin na bugawa ne, firinta da CMYK take aiki, kore da shuɗi masu ƙyalli sukan yi duhu a takarda, don haka ka sa a buga maka guda ɗaya ka gani kafin a saki dubu.