Makonni Shida da Manhajar Digital Wellbeing

Tun shekarar 2018 kamfanin Google ya fito da manhajar Digital Wellbeing, wadda a yau take cikin saitin galibin wayoyin Android, amma ban taɓa leƙa ta ba sai ranar da maiɗakina ta yi ƙorafin cewa tuwo yana hucewa a gabana, ni kuwa idona na kan allo, ina amsa mata magana da gyaɗa kai kawai. Na musanta, na ce dudu ban wuce awa 2 a rana ba. Da muka buɗe manhajar tare, sai ta nuna awa 5 da 'yan mintoci, mafi yawansu a WhatsApp da Facebook, kuma na buɗe wayar fiye da sau 100 tun asuba.

Wannan lissafi shi ne babban amfanin manhajar a wurina, domin mutum ba ya ƙirga leƙen da ya zame masa jiki, sai dai dogon zaman da ya sani ya yi. Masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, B. F. Skinner, ya nuna a gwaje-gwajensa da tattabaru cewa tsuntsun da ba ya sanin lokacin da hatsi zai faɗo ya fi nacewa kan saran maɓalli fiye da wanda ake ba shi a kowane sara. Haka hannuna yake da aljihu, domin leƙe tara na banza ne, amma na goman yana iya zuwa da saƙon da nake jira.

Akwai ma'aunin lokaci da ake sa wa kowace manhaja, wanda idan ya cika sai tambarinta ya dushe, ta ƙi buɗuwa har tsakar dare. A mako na farko ya yi mini aiki, daga baya na gane cewa mai makullin shi ne ɓarawon, tunda 'yan latse-latse kaɗan sun isa in ƙara wa kaina minti 30. Wanda yake neman abin da zai ɗaure masa hannu, wannan ba zai ishe shi ba.

Abin da ban zata ba shi ne tsarin lokacin barci, wanda yake mai da allon fari da baƙi kuma ya kashe ƙarar sanarwa a sa'ar da aka zaɓa. Na sa nawa ƙarfe 10 na dare. Hoton biki da na kwalliya ba su da armashi idan babu launi, jan ɗigon nan da ke tsokanar ido ma ya koma toka-toka, har nakan ajiye wayar don kaina ba tare da an hana ni ba. Ma'aunin lokacin na cire shi tun a mako na huɗu, amma wannan yana nan, kuma yanzu a falo wayar take kwana a jikin caja.